Ma'anar "Hi-Res", kalmar da ta mamaye kwalayen kayan sauti

Tun wajen azumin bara na lura cewa wata kalma ta shiga bakin masu sayar da kayan sauti a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma daga lokacin zuwa yau ba ka iya ratsa layin masu wayoyi a babbar kasuwa ba tare da idonka ya faɗa kan wani ɗan tambari mai ruwan zinariya da baƙi ba, an rubuta "Hi-Res Audio" a jikinsa. Yana kan kwalin iyafis na sefa 2,000, yana kan lasifikar Bluetooth da samari ke ratayawa a babur, kuma abokaina na Marwa da Kuseri sun tabbatar mini cewa haka abin yake a wajensu. Duk wannan bai dame ni ba sai ranar da na ji wani mai gabatar da shiri a wata tashar FM yana yi wa masu sauraro albishir cewa daga yau duk waƙoƙin shirinsa a "Hi-Res" za su riƙa jin su. Watsa shiri ta FM yana yanke sauti ne a wajen kaɗawa 15,000 a sakan ɗaya, wato ko ingancin faifan CD bai kai ba, balle abin da ake iƙirarin ya wuce CD. Mutumin ba ƙarya ya yi niyya ba, ya ɗauki kalmar ne a matsayin kirari, kamar yadda ake ce wa atamfa 'yar Holan ko ba ta taɓa ganin Holan ba.

Idan ka tambayi mutum goma a kasuwa ma'anar kalmar, wani zai ce ƙara ce mai ƙarfi, wani zai ce duka ne mai girgiza ƙirji, mafi yawa kuma za su ce tana nufin kayan na asali ne ba jabu ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi kalmar. Gutsure ce ta kalmomin Turanci "high resolution", waɗanda masu Faransanci ke cewa "haute résolution", kuma tushen kalma ta biyun yana cikin Latin, inda take nufin kwancewa ko warware abin da ke ɗaure. Masu ƙera madubin ƙara girman ƙananan halittu da na hangen taurari ne suka daɗe suna amfani da ita wajen auna ƙarfin na'ura na raba ɗigo biyu da ke kusa da juna, har ido ya gan su biyu maimakon ɗaya. Daga nan ta koma kan hoto da talabijin, inda kowa ya shaida da idonsa cewa hoto mai ɗigo da yawa ya fi fitowa tas. Kalmar ido ce aka aro wa kunne, kuma tare da ita aka aro wani tunani wanda gaskiya ne a hoto amma bai zauna daidai a sauti ba, shi ne cewa duk lokacin da lamba ta ƙaru, abin da mutum ke ji ma zai ƙaru.

Sauti kaɗawar iska ce. Idan ana son adana shi a kwamfuta ko a waya, na'ura tana auna ƙarfin kaɗawar sau dubbai a kowane sakan, tana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Saboda haka kowane fayil na sauti yana da lambobi biyu da ke bayyana shi: yawan awon da ake ɗauka a sakan, da kuma yawan matakan da ake da su wajen rubuta kowane awo. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗaukar awo 44,100 a sakan, kuma yana rubuta kowane awo da bit 16, wato matakai 65,536. Abin da masana'antar ke kira "Hi-Res" shi ne duk abin da ya zarce wannan, galibi awo 96,000 ko 192,000 a sakan da bit 24. Shi kuwa tambarin zinariyar, ƙungiyar masu kayan sauti ta Japan ce ke ba da izinin amfani da shi tun 2014, kuma sharaɗinta ga lasifika da iyafis shi ne su iya fitar da sauti har zuwa kaɗawa 40,000 a sakan. Iyakar ma'anar ke nan. Babu maganar daɗi a ciki, babu maganar ƙarfi, babu alkawarin cewa kayan za su yi shekara ba su lalace ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wani zane da ake bugawa a bayan kwalaye da cikin tallace-tallacen intanet. Za a zana layi mai lanƙwasa sumul a ce wannan shi ne sautin asali, sai a zana matakala mai manyan tsani a ce wannan CD ne, sannan a zana wata matakala mai ƙananan tsani da ta kusa manne wa layin a ce wannan "Hi-Res" ne. Duk wanda ya kalla zai gamsu nan take, domin ido ya ga bambanci. Matsalar ita ce matakalar nan ba ta fitowa daga kowace lasifika. Lambobin da aka adana ɗigo ne, kuma na'urar da ke mayar da su sauti ba ta haɗa su da tsani, tana fitar da layi sumul ne wanda ya ratsa ta kansu duka.

Mu ɗauki maginin da zai kafa rumbu ko ɗaki mai zagaye a ƙauye. Yakan kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ja da'ira a ƙasa. A ce ruwa ya zo da dare ya share zanen ya tafi da turken, amma duwatsu uku da ya ajiye a bakin da'irar suna nan inda suke. Magini gwani ba zai damu ba, domin da'ira ɗaya ce tak a duniya da za ta iya bi ta kan duwatsun nan uku, kuma da igiyarsa zai sake gano tsakiyar ya mayar da zanen yadda yake. Da a ce ya ajiye duwatsu ɗari uku, da'irar da zai sake zanawa ba za ta fi ta duwatsu ukun zagaye ba ko da faɗin gashi, wahalar ɗaukar duwatsu kawai ya ƙara wa yaransa. Sirrin yana cikin sanin da ya riga ya yi cewa abin da yake nema da'ira ce. Haka lissafin sauti yake. Idan an riga an san cewa sautin ba ya ɗauke da kaɗawar da ta wuce wata iyaka, to awon da ya zarce ninki biyu na wannan iyaka ya isa a sake gina shi cif, kuma layi ɗaya ne kawai zai iya bi ta kan ɗigon. Harry Nyquist ya share fagen wannan ƙa'ida a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da ita a rubuce a 1949, dukansu masu bincike ne a kamfanin tarho na Bell a Amurka, kuma a kanta aka gina duk wata waya da ke aljihunmu. Wanda ya yi kiran waya ya gane muryar mahaifiyarsa ya riga ya amfana da ita, ko ya yarda da lissafin ko bai yarda ba.

To mece ce iyakar? Kunnen ɗan Adam yana ji ne daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a sakan, kuma wannan na sama na yaro ne mai lafiyayyen kunne, domin da shekaru suna tafiya iyakar tana saukowa. Ninki biyu na 20,000 shi ne 40,000, shi ya sa aka zaɓa wa CD 44,100 don a bar 'yar rata. Ƙarin awo zuwa 96,000 ba ya gyara sautin da muke ji, abin da yake yi shi ne buɗe ƙofa ga kaɗawa har zuwa 48,000, yankin da karnuka ke jin mafi yawansa, jemagu kuma suke farauta a cikinsa. Na taɓa gwada kaina da wata manhajar waya mai fitar da siririn sauti tana hawa da shi sannu a hankali. Ni da na haura hamsin, sautin ya ɓace mini tun kafin ya kai 14,000, alhali jikata tana toshe kunne tana cewa, "Kaka, kashe, yana tsira mini kai." Ita ma daga baya ta daina ji, alhali lambar tana ci gaba da hawa a fuskar wayar. Wannan yankin da dukanmu muka yi shiru a cikinsa shi ne ake liƙa wa tambarin zinariya.

Lamba ta biyu, wato bit, ita ma ana fassara ta ba daidai ba. Ba ta ƙara wa sauti laushi ko zaƙi, tana faɗin nisan da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da fayil zai ɗauka da kuma ƙasan da shuwar na'ura take, wato 'yar ƙarar "shuu" da ke kwance ƙarƙashin sauti. A ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, bit 16 yana ba da kimanin 96, bit 24 kuma kimanin 144 a lissafi. Ɗaki mai tsit da tsakar dare yana da nasa motsin na kusan desibel 30, kunne kuma yana fara jin zafi a wajen 120 zuwa 130. Ma'ana, kafin mutum ya ji shuwar da ke ƙasan CD a ɗakinsa sai ya ƙure sautin zuwa inda ganga ɗaya za ta yi masa illa. Wannan a ɗaki mai tsit ke nan. A Garwa cikin watan Afrilu, fanka tana juyawa, janareton maƙwabci yana ruri, babura suna wucewa a kan titi, maganar desibel 144 ta zama kamar auna gishiri da ma'aunin zinariya a tsakiyar guguwa. Adalci dai shi ne a faɗi cewa bit 24 yana da amfani na gaske a situdiyo, inda mai haɗa sauti yake ɗaga wannan murya ya sauke waccan, ya jera kiɗa bisa kiɗa sau da yawa, kuma yana buƙatar fili don kada ƙananan kurakurai su taru. Tela yana buƙatar babban tebur don yanka, amma mai sa riga ba ya yawo da teburin.

An gwada maganar, ba a bar ta a musu ba. Hanyar gwajin ita ce a kunna wa mutum sauti biyu ba tare da shi ko mai kunnawar sun san wanne ne wanne ba, sannan a daidaita ƙarfinsu sosai, domin kunne yakan ɗauki abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, kuma wannan dabara ce da duk mai shagon rediyo ya sani ko bai karanta ta a littafi ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa irin wannan gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti, inda suka riƙa rage sautin fayafai masu babban inganci zuwa matakin CD a ɓoye. Cikin gwaji 554, amsoshi 276 ne suka yi daidai, wato rabi, abin da mai jefa kwabo sama zai samu. An soki aikin da cewa wasu fayafan da suka yi amfani da su ba cikakkun "Hi-Res" ba ne. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 ya haɗa sakamakonsu, ya samu cewa masu sauraro sun dace da kashi 52.3 cikin ɗari, kuma waɗanda aka horar sun fi haka. Masu talla suna son ambaton wannan binciken a matsayin hujja, ni kuwa ina ganin ya fi zama hujja a kansu. Idan bambancin da ake ce mini kamar dare da rana ne sai an tara dubban gwaji a ɗakuna na musamman kafin a hango inuwarsa, to wanda ya ce ya ji shi nan take a rumfar kasuwa wani abu dabam ya ji.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini misalin da ya fi duk waɗannan lambobi bayani. Ya shigo da yamma riƙe da sabuwar lasifika da memori, yana murna, ya ce, "Kawu, yau za ka ji kalangun bikin Yaya kamar kana wurin, mai turin waƙa ya mayar mini da shi Hi-Res." Na karɓi memorin na sa a kwamfuta. Fayil ɗin kuwa gaskiya ne, an rubuta awo 96,000 da bit 24, kuma kiɗan minti biyar ya cinye sama da megabait 170. Sai na tambaye shi inda kiɗan ya fito. Ashe wani abokinsa ne ya ɗauka da waya a filin bikin, yana tsaye kusa da lasifikar maroƙi, ya tura wa wani ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, wancan ya tura wa mai shago, mai shago kuma ya bi da shi ta wata manhaja da ke canza nau'in fayil, ya karɓi kuɗinsa. Saƙon murya na WhatsApp matsattsen sauti ne da aka tsara don magana, an zubar da mafi yawan bayanan tun a matakin farko don ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Na ce masa, "Ɗana, an auna maka mudu ɗaya na gero an juye a buhu mai cin mudu arba'in, ka biya kuɗin buhu, ka kuma biya kuɗin dako." Ya yi dariya amma bai yarda ba, sai da na kunna masa saƙon asali daga wayarsa da kuma babban fayil ɗin, yana juya mini baya, na ce ya nuna wanne ne wanne. Ya canka sau shida, ya dace sau uku.

Ko da fayil ɗin nasa na gaske ne, akwai wata ƙofar da ba zai wuce ba. A ma'aunin yawan bayanan da ke wucewa, sautin CD yana buƙatar kilobit 1,411 a sakan, na awo 96,000 da bit 24 kuma yana buƙatar 4,608. Hanyar da yawancin na'urorin Bluetooth ke amfani da ita, wadda ake kira SBC, tana tsayawa ne a wajen 328, ita kuma LDAC ta kamfanin Sony, wadda ake ji da ita, iyakarta 990. Saboda haka duk abin da ya bi ta iska daga waya zuwa irin waɗannan lasifikoki sai an matse shi an zubar da wani ɓangare. Kamfanin Apple da kansa, lokacin da ya fara ba da waƙoƙi marasa matsi a 2021, ya bayyana cewa iyafis ɗinsa na AirPods ba sa karɓar su a haka ta Bluetooth. Wannan ba aibi ba ne, domin matsin zamani yana da kyau ƙwarai har yawancin mutane ba sa gane shi. Aibin yana wurin mai shagon da ke nuna maka tambari a kan lasifikar da faɗin bakinta bai kai murfin kofi ba, yana rantsuwa cewa ita ce dalilin ƙarin sefa 5,000. Kuma tambarin kansa takarda ce mai gam. Wanda ya iya buga sunan babban kamfani a kan cajar jabu ba zai gagara buga murabba'i mai ruwan zinariya ba, kamar yadda ake rubuta wat dubu uku a jikin akwatin da batirin waya ke kunnawa.

Kada a ɗauka talaka kaɗai ake yi wa wannan. A Turai da Amurka abin ya fi tsada, kuma ya fi ban dariya. Mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 daga magoya baya a 2014 don ƙera wata na'urar sauraro mai suna Pono, wadda aka sayar dala 399 da alkawarin dawo wa kiɗa ruhinsa, amma zuwa 2017 an rufe harkar. Akwai kamfanonin da ke sayar da wayar haɗa kwamfuta da intanet a kan dubban daloli da iƙirarin tana sa murya ta fi ɗumi, alhali abin da ke bi ta cikinta lambobi ne da na'ura ke tantancewa ta sake nema idan sun zo da kuskure. Lambar da ta iso daidai ta wayar zinariya ita ce dai lambar da ta iso daidai ta wayar tagulla. Mai kuɗin da ya saya zai rantse ya ji bambanci, kuma ban ce ƙarya yake yi ba, domin wanda ya biya kuɗi mai yawa yana sauraro da natsuwar da bai taɓa yi ba, sai ya ji abubuwan da dama suna nan tun farko.

Akwai wani abu guda da ke sa musun ya ƙi ƙarewa, kuma Meyer da Moran sun ambace shi a rahotonsu: sau da yawa fayafan da ake sayarwa da sunan babban inganci sun fi na kasuwa daɗin ji da gaske. Dalilin shi ne an haɗa su da kulawa, ba a danne sautin an ƙure shi don ya yi ƙara a mota ba, tunda an san masu sayensu za su zauna su saurara. Da aka rage waɗannan fayafan zuwa matakin CD, daɗin bai tafi ba. Abin da ke yanke hukunci a kan abin da kunne zai ji shi ne makirufon da aka yi ɗauka da shi da inda aka ajiye shi, da hannun wanda ya haɗa sautin, da ingancin lasifikar kanta, da ɗakin da ake sauraro a ciki. Lasifikar da aka tura lungu tsakanin bangon siminti da kwanon rufi za ta yi gunji ko me aka zuba mata, kuma janyo ta taku biyu daga bango yana canza sauti fiye da duk wani tsalle daga 44,100 zuwa 192,000. Shi ya sa idan zan sayi iyafis nake zuwa da wayata da karatun da kunnena ya saba da shi, in nemi mai shago ya bar ni in gwada biyu ko uku a ƙarfi ɗaya, in kuma roƙe shi ya kife kwalayen har in gama.

Shi kuwa mai gabatar da shirin nan, har yanzu yana buɗe filinsa da albishir ɗin "Hi-Res", kuma har yanzu ina sauraronsa a tsohuwar rediyon mahaifina, wadda a da muke kama sashen Hausa na BBC da ita a gajeren zango, inda sautin bai fi kaɗawa 5,000 ba kuma yana tafiya yana dawowa kamar iska. Makon jiya ya ƙara da cewa tashar tasu ta kusa komawa "Ultra Hi-Res", sai ɗan ƙanwata, wanda ke zaune kusa da ni yana goge babban fayil ɗinsa don ya samu wurin hotuna, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wannan buhun mudu nawa yake ci?"